Yadda Muka Auna Idon Baba Tanko

Jikata Rakiya, wadda ke aiki a wani shagon tabarau a Adakpamé, ta ce wai aikinmu na da wahalar banza ce. Yanzu mutum zai ɗora haɓarsa a kan na'ura, ya kalli wani ɗan hoto a ciki, takarda ta fito da lambar idonsa, shi ke nan an gama. Ranar da na buɗe mata tsohon akwatin gwajina ita da ƙawayenta, har da riƙe ciki don dariya. Ɗaya ta ce, "Tonton," wato Baba da Faransancinsu, "wannan ai kayan gidan tarihi ne." Ban ji haushi ba, jika tana da izinin tsokanar kakanta. Na dai ce tunda sun ci tuwona, to sai sun ji labarina.

Sunana Isuhu, amma in ka shiga Zongo kana neman Isuhu za ka sha yawo. Ka ce Mai-linet, ko mai sayar da koko za ta nuna maka ƙofata. Linet shi ne tabarau a bakinmu na nan Lome, daga Faransanci muka ɗauko shi. A tsohon Zongo aka haife ni, can tsakiyar gari, inda za ka taka da ƙafa ka je babbar kasuwa. Kakana bafatake ne, goro ya kawo shi daga Kano ya zauna. Mahaifina kuwa ya sa ni lakwal, makarantar boko ke nan, maƙwabta na ta yi masa surutu. Na fito da Faransanci a baki, hannu babu sana'a.

A wancan lokaci duk mai son tabarau na kirki sai ya bi ta Kodjoviakopé ya tsallaka iyaka zuwa Ankara, babban birnin Gana, don can masu wannan aiki suke. Da al'amura suka fara tsanani a Gana, sai masu sana'a suka riƙa dawowa Lome da kayan aikinsu a cikin akwatunan katako. Cikinsu akwai Fo Komlan, mutumin Ewe, dogo, mai magana a hankali, wanda ya buɗe ofis a Nyékonakpoè. Da sunan Turawa ya fara rubuta allon ƙofarsa, da aka ce kowa ya koma sunan gida sai ya sa aka shafe aka sake rubutawa. Ranar da na je neman aiki ya sa na yi masa magana da Hausa, da Mina, da Faransanci, sannan ya dubi yatsuna ya girgiza kai. Ya ce, "Isifu, bakinka na ɗauka. Hannun kuwa ni zan yi shi."

Haka ake ɗaukar irinmu a shekarun nan. Likitan haƙori ya buɗe ɗaki, ungozoma ta yi ritaya ta buɗe nata, mai allura ya kama shago, kowannensu yana son ɗan Zongo a kusa, domin mutanenmu suna da yawa, suna da ciwo kamar kowa, amma ba sa yarda su faɗe shi da yaren wani. Da tsakar rana mukan haɗu wajen mai shinkafa da wake, duk da fararen riguna, muna hura hanci kamar mu ne likitocin.

Watannin farko ban taɓa gilashin kowa ba. Fasasshen gilashin taga Fo Komlan yake ba ni, in yanka, in wasa, ya duba ya jefa a kwando. Aikin gaske na farko da ya sakar mini shi ne na wata mai sayar da atamfa, mace mai jiki da murya. Gilashi daga Faransa yake zuwa ta jirgin ruwa, kewayayye kamar bakin kofi, naɗe a takarda mai laushi. Sai ka ɗora firam a kai ka zana, ka ja layi da ɗan lu'ulu'u, ka bi gefen da filaya kana ɓantara kaɗan-kaɗan, sannan ka kai shi dutsen wasa. Da ƙafa ake juya dutsen, ruwa na ɗiga a kansa daga gwangwanin madara da muka huda. In ka danna da ƙarfi gilashi ya tsage. In ka ci gefen ya wuce, ya riƙa rawa a cikin firam, kuma abin da dutse ya ci ba ya dawowa. Firam na roba kuwa a kwanon gishiri mai zafi ake tausasa shi kafin ya karɓi gilashi, shi ya sa har yau ina ɗaukar kofin shayi mai tafasa ban ji komai ba. Da matar nan ta sa tabarau ɗinta, sai ta kama bakin zanenta ta ƙura masa ido, ta ce ashe ƙananan tsuntsaye ne a jiki, ita duk zatonta ganye ne.

To wannan duk aikin hannu ne, kowa ya daure zai iya. Wuyar tana cikin ɗakin gwaji. Akwai allo a bango mai wata alama kamar cokali mai yatsu, wani ya kalli sama, wani ƙasa, ana ce wa wanda bai yi boko ba ya nuna da hannu inda yatsun suka dosa. A gefen allon kuma hoton shugaban ƙasa ne, kamar yadda yake a kowane ofis a lokacin. Wani tsoho da na tambaya me yake gani a bango, sai ya nuna hoton ya ce wannan kam yana ganinsa sarai. Fo Komlan ya ce a rabu da shi, babu mai hankalin da zai ce bai ga wannan hoton ba.

Wanda ya koya mana darasi sosai wani Alhaji ne dillalin shanu. An sa masa firam ɗin gwaji, na ƙarfe mai nauyi wanda ake zura gilasai a ciki ana canzawa. Fo Komlan ya zura na farko ya ce in tambaye shi.

Na ce, "Alhaji, ya fi?"

Ya ce, "Alhamdulillahi."

Aka canza wani. Ya ce, "Da sauƙi, madalla."

Aka sake canzawa, ya sake godiya. Sai Fo Komlan ya ɗauko baƙin faifan da ake rufe ido da shi, ya rufe masa dama da hagu gaba ɗaya. Na ce, "Yanzu fa, Alhaji?"

Ya ce, "Allah ya saka muku da alheri."

Bayan ya tafi, Fo Komlan ya zauna ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Mutanenku ba sa kai ƙarar jikinsu. A wurinsu rashin godiya ne, kuma ba sa son su ba mai taimako kunya. Amma ka taɓa ganin ɗan Zongo ya ɗauki kaya a kasuwa ya rasa aibin da zai faɗa?" Daga ranar muka rage tambaya. Muka ajiye allura da zare a aljihun tebur, da faifan shinkafa mai tsakuwa, da wata warƙa rubutun hannu. A ba mutum aikin da ya saba, a tsaya a kalli hannunsa. Da Alhajin ya dawo, akuyar maƙwabta muka nuna masa ta taga, da gilashi ya dace kuwa sai ga shi yana faɗin cewa tana ɗingishi da ƙafar baya.

Shekarar da ta fi kowace wuya ita ce wadda aka tashi tsohon Zongo. Aka ce ana bukatar wurin, aka kwashe mu can arewa, bayan gari, inda in damina ta sauka sai ka cire takalmi. Maƙwabta suka warwatse, kowa na fama da bulo da kwano. Wa zai hau mota ya zo Nyékonakpoè don ido, alhali ɗakinsa ba rufi? Ofisoshin nan da suka ɗauke mu don bakinmu suka fara sallamar abokaina ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka nufi Legas, inda aka ce asibitocin kuɗi na neman hannu ido rufe, wasu Kwatano, wasu Abijan, mai ƙarfin hali ya hau jirgi zuwa Gabon. Wajen mai shinkafa da wake ya zama ni kaɗai ne mai farar riga.

Wata safiya Fo Komlan ya kira ni. Ya ce, "Isifu, bakinka na nan, amma masu maganar sun tafi. Ba na son in sallame ka." Ya jawo tsohon akwatin gwajin da ya zo da shi daga Ankara, wannan da su Rakiya suka yi wa dariya, ya tura mini. "Je ka same su. In aiki ya biyo ka, kujerarka na nan."

Na kafa tebur a wata rumfa kusa da masallacin sabon Zongo, duk Juma'a. Mutane su tsaya, mu gaisa, su tambayi mahaifiyata, su sa mini albarka, su wuce. Ga kuma masu talla sun shigo da tabarau a tire, irin wanda aka riga aka haɗa, ka gwada ka ga wanda ya yi maka kyau a fuska ka saya. Ban ga laifinsu ba, kowa abincinsa yake nema, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Har na fara tambayar kuɗin mota zuwa Legas.

Ana nan sai Inna Hajo, ƙawar mahaifiyata, ta tsaya a gaban teburina. Ta ce, "Isuhu, in ka gama zaman banzan nan ka biyo ta gida, Malam zai daɗe a masallaci."

Malam ɗin shi ne mijinta, Baba Tanko mai ɗinkin hannu. Duk babbar rigar da ka gani a tsohon Zongo ranar Sallah wadda ta sa ka waiwaya, to daga hannunsa ta fito. Mutum ne mai ji da aikinsa, ba ya wasa, ba ya son gyara. Da na je, Inna Hajo ta shimfiɗa mini wata farar riga a kan tabarma, ana yi mata aska takwas da zaren tsamiya. Ta nuna mini wani wuri. Ko ni da ba maɗinki ba na ga ɗinkin ya bar zane ya yi nasa wuri, wani ya hau wani.

Ta ce, "Na yau ke nan. Idonsa ya tafi tun kafin a tashe mu. Ya sayi na tire har kala-kala, duk wanda ya sa sai ya ce alhamdulillahi, amma da yamma ina ganinsa yana matse goshi. Ba wanda zai iya gaya masa. Masu kawo aiki sun janye a hankali, kowa da uzurinsa. Wannan ta Alhaji mai manyan motoci ce, ta Sallar layya, shi kaɗai ya rage. In ya ga wannan, sunan Malam ya ƙare."

Na ce, "Amma Inna, sauran ai ya yi kyau."

Ta kawar da kai. Ta ce, "In ya fita nake farkewa in sake. Ni mai ɗinkin hula ce, na dai daɗe ina kallon hannunsa. Amma yanzu zai shiga tsakiyar aikin, ba zan iya bin sa ba, Sallah kuma ta matso." Ta ɗaga mini yatsa. "Kada ka tambaye shi idonsa. Kada kuma sunana ya fito daga bakinka."

Na kwana ina juya maganar. In na ce na zo auna shi, zai ce wa ya ce ba ya gani, ya sallame ni da addu'a. Sai maganar Fo Komlan ta faɗo mini, ta ɗan Zongo da kayan kasuwa.

Washegari da hantsi na same shi a ƙofar ɗaki, rigar na kan cinyarsa, tabarau na tire a kan hanci. A gefensa akwai ɗan matashi da aka soka wa allurai, kowace da zarenta a ciki, an riga an zura masa. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi aiki.

Na ce, "Aikin ne ya kawo ni, Baba. Kayan nan mutane sun ƙi su, ban san dalili ba. Na ce bari in kawo wa wanda ya san abu mai kyau, ya duba mini, ya faɗa mini aibinsu."

Ya gyara zama. Ya ce, "Kawo mu gani. Kayan Nasara ba duka ne na kirki ba."

Na sa masa firam ɗin ƙarfe, na rufe masa ido ɗaya, na ce ɗaya bayan ɗaya ake duba kaya. Na miƙa masa wani ƙyalle da zare a kai, na zura gilashin farko.

Ya ce, "Wannan hayaƙi ne."

Na canza.

"Wannan yana raba zare biyu. Wanda ya yi shi bai ji tsoron Allah ba."

Na canza.

"Ya ɗan fi, amma da saura. Kai maigidanka a ina yake sayo waɗannan?"

Wallahi ban taɓa auna mutum da sauƙi irin na ranar ba. Mutumin da ba zai ce maka kansa na ciwo ba, ga shi yana zazzaga wa gilashi faɗa ɗaya bayan ɗaya, kowane kuma da ainihin laifinsa. Nan na gane abin da ya hana na tire yi masa amfani. Na tire ƙarfinsa ɗaya ne dama da hagu, shi kuwa idanunsa ba ɗaya ba ne. Na dama yana son mai ƙarfi, na hagu kuma yana son irin wanda ake juyawa a hankali sai ya dace da karkatar ido. Ina juyawa yana cewa, "Baya. Ya wuce. Dawo. Tsaya nan." Da na buɗe masa duka biyun sai faɗan ya tsaya. Ya dubi tafin hannunsa. Ya tsallake allurai masu zare, ya zaro wata sabuwa daga takarda, ya lashi bakin zare, ya zura. Ya shige.

Ya ce, "Wannan ba laifi."

Na miƙa hannu zan cire firam ɗin, don na tuna abin da ke kan cinyarsa, amma ya riga ni. Ya ɗaga rigar zuwa haske. Ya ga ɗinkinsa na safiyar nan, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗora yatsa a kan na jiya, mai kyau, ya bi shi baya a hankali, ya bi na shekaranjiya, ya yi ta bi har wuyan riga. Ya juya ta ciki ya duba ƙullin zaren. Maɗinki ya san hannunsa kamar yadda ka san muryarka. Inna Hajo tana daka a tsakar gida, sai na ji taɓarya ta tsaya. Ni kuwa gumi ya jiƙa mini farar rigata, ina cewa a raina na zo gyara na rusa gida.

Ya ce, "Hajo."

Ta ce, "Na'am, Malam."

"Miƙo mini reza."

Ta kawo. Na tabbata nata zai farke gaba ɗaya. Ya sa reza a kan nasa na safiyar, ya bi shi yana tsinkewa, yana zare guntayen zaren yana tarawa a gefe. Da ya kai daidai inda nata ya fara, sai ya ajiye rezar.

Bai ɗaga kai ba ya ce, "Kina jan zare da yawa. Riga ba hula ba ce." Ta matso ta duba. Ya ce, "Ɗauko tabarma ki zauna nan. Ki kama baya, ni in yi gaba. Sallah ta matso."

Sannan ya juyo wurina, idanunsa manya-manya a cikin firam ɗin, sun kuma yi ja. Ya ce, "Kai kuma Mai-linet, kayanka ba su da aibi sai nauyi. A yi mini irin wannan, mara nauyi."

Da kaina na wasa gilashinsa a Nyékonakpoè, Fo Komlan na tsaye a kaina bai gyara mini komai ba, wanda a wurinsa yabo ne. Ba a jima ba mutane suka ga Baba Tanko a ƙofar gida yana zura allura da kansa. Juma'ar da ta biyo baya na iske tsofaffi a kan bencin rumfata tun kafin in iso. Babu ko ɗaya da ya ce idonsa na damunsa. Duk sun zo ne su duba mini kaya. Har Inna Hajo ta zo daga baya, da allurarta soke a bakin mayafi, ta ce an ce kayana na neman mai dubawa ta ɓangaren mata. Ban je Legas ba. Kujerata ta zauna, daga baya ma Fo Komlan ya kama mana ɗaki a cikin Zongo ya ce in riƙe, a nan na tsufa, kuma ban taɓa da-na-sani ba.

Rakiya ta ce na'urarsu da ta auna Baba Tanko cikin ƙiftawar ido. Na ce gaskiya ne, sai dai wa zai kai shi ya ɗora haɓa a kai?

Ranar Sallar layya ina kusa da su a filin idi. Alhaji mai motoci ya fito da rigar, tana ɗaukar ido, mutane na taɓa bakinta. Wani baƙo daga Kumasi ya duƙa ya duba aikin gaba, ya zagaya ya duba na baya, ya ce shi bai taɓa ganin irinta ba, hannun wa ne wannan? Aka nuna masa Baba Tanko. Mutumin da duk rayuwarsa in an yi wannan tambaya yakan bugi ƙirji ya ce nawa ne, sai ya gyara tabarau a kan hancinsa ya ce, "Aikin gidanmu ne."